Sabat Daga Hawa Na Biyar

Tabita, Ishaku, ku ajiye wayoyin nan ku saurari mamanku. Gardama ce a gidan nan, ku za ku raba ta.

Shekara shida babanku Habila ya yi yana ƙera jirginsa na sama a filin bayan benen da muke haya a hawa na biyunsa, a unguwar Faisal ta Alƙahira, ƙarƙashin rumfar kwano. Da safe yana gyaran motocin ofishin jakadanci, da yamma yana kwance ƙarƙashin jirgi. Kujera biyu gare shi. Da mamanku ta ce a ajiye mata ta biyun, sai da ya yi dariya har da tari.

"Laraba, wannan ba kicin ba ne. Kujerar mai ilimin jirgi ce."

Ta ce tamam, ta kwashe kofunan shayi ta hau sama.

Abin da ya hana shi sakat shi ne iskar ɗakin matuƙi. In jirgi ya yi sama sosai iska kan yi ƙaranci, dole a dinga cusa ta ciki, a kuma bar mata hanyar fita daidai gwargwado. Ta yi kaɗan, matuƙi ya suma. Ta yi yawa, ɗaki ya fashe. Ya sayo littattafai masu kauri, yana ta mitar wani na ɓata masa su da manja.

Wata rana sai ga sabat, kwandon nan da matan Alƙahira ke zurowa da igiya daga baranda, ya sauko ta ɓarakar rumfa. A ciki takarda ce da manyan haruffan Turanci karkatattu: robar ƙofarka a juye take. Ya duba. A juye take kuwa.

Habila bai sha wahalar gano mai aikowa ba. Kowa a layin ya san Ustaz Abdurrahim na hawa na biyar, tsohon injiniyan jirage, mutumin da ba ya son baƙi. Babanku ya ɗaga kai ya yi wa kwanon rumfa kirarin da ake yi wa babban injiniya a garin nan: "Shukran, ya Bashmuhandis!"

Daga nan sabat ya zama malaminsa. Ya ce masa ya sa makunnin sakin iska na gaggawa kusa da hannun dama, ya shafa masa jan fenti. Ya ce ya rataye abin shaƙar iska inda zai cafko shi ido rufe. Wani mako ya sauko da ɗan dunƙulen ƙarfe da aka goge da fayil har ya rage nauyi, da bayani: don gwajin ƙasa kawai, ɗora shi kan bututu, in iska ta kai biyar zai yi fito. A makon nan wake bai nuna da wuri ba a gidan, Habila ya yi ƙorafi, aka ce masa ma'alish, ya yi haƙuri.

"Kin ga masu ilimi?" in ji shi. "Khalas, shi ke nan, kujera ta biyu ta Bashmuhandis ce."

Ranar babban gwaji ma'aunin iskarsa ya lalace. Abokinsa Amjad mai faci ya kawo wani tsoho daga shagonsa, ya ɗaura, ya cika ɗakin da kwamfaresa. Mamanku ta kawo masa shayi, ta ɗan tsaya tana kallo. Amjad ya sha, ya tafi sallar la'asar, a kan in an yi awa ɗaya a ga ko iskar ta zauna.

Habila ya dawo daga aiki, ya leƙa ma'auni. Lambobin Larabci ne, shi kuwa ko farashin tumatir bai taɓa karantawa ba a garin nan, ba shi ke cefane ba. Amma wannan kam ya gane ta. Allura na kan sifili, zagaye sarai.

Ransa ya ɓaci. Shekara shida, iska ta tsere tas! Ga wani siririn fito na tashi, ya ɗauka butar shayin maƙwabta ce. Ya kama mariƙin ƙofa da hannu biyu. Ƙofar waje take buɗewa, fuskarsa na daidai saitinta.

Sabat ya faɗo masa a ka, tim!

Takardar ko naɗewa ba a yi ba. KADA KA BUƊE. Zagayen nan biyar ne a Larabci. Sifilinsu ɗigo ne.

Ya saki mariƙin a hankali kamar wutsiyar kunama. Ya buɗe famfon bututun gwaji, iska ta yi ta huci har minti biyu, allura ta gangara kan ɗan ɗigo. Ya zauna a ƙasa ya yi lissafi da yatsa: nauyin da ke bayan ƙofar nan ya fi tan biyu. Sai kuma ya tuna ɗakin bai zubar da ko kaɗan ba. Ya miƙe yana rawa, yana shafa ƙulun da sabat ya yi masa a ka.

Washegari ya sa babbar riga, ya ɗauki kilishi, ya hau hawa na biyar don ya miƙa kujera. Ya buga, ya buga. Mai gadin gida ya biyo shi yana haki, ya ce Ustaz ai ya koma Iskandariya wajen 'yarsa shekara biyu ke nan.

Tun ranar babanku ke cewa mala'ika ne, har ya ba da shaida a coci. Jiya ya ce kujerar a bar ta haka nan, don girmamawa.

To, ku shiga kicin ku duba murfin tukunyar wakena mai dafawa da matsin tururi, wanda ba shi da dunƙulensa mai fito, ku auna igiyar sabat ɗin nan da ba ta wuce hawa biyu ba, sannan ku faɗa wa babanku a kujerar wa Bashmuhandis Laraba za ta zauna.