Ranar Hutun Kayan Aiki

"Elango, yau bikin Ayudha Puja ne, kayan aiki hutawa suke yi," in ji mahaifiyarsa. "Ko ubanka, duk taurin kansa, bai taɓa karya wannan ba har ya mutu."

"Gwaji ne kawai, Amma," in ji Elango, da yake haka yake kiran mahaifiyarsa.

Ya ture furannin da ta ɗora wa 'yar na'urar da ya ƙera, mai raba USB gida huɗu, ya jona ta da kwamfuta. Ramukan huɗu wayam suke.

Sai kwamfutar ta sanar an jona kibod.

Ya waiwaya. Tsohon kibod ɗin mahaifinsa na can wurin bauta cikin furanni, wayar jona shi a nannaɗe.

Haruffa suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya: "Ba da kai uwarka take magana ba?"