Koren Layin Masu Keke

Warwick mai gyaran famfo ne a Melbourne, da a-kori-kurarsa yake neman abinci. Laifi ɗaya ya rage a ƙwace masa lasisin tuƙi, kuma ya sani sarai. Amma ba wannan ke cin ransa ba. Maƙwabcinsa Stavros ne ya tsaya masa a wuya.

Tun da aka ware gefen titinsu aka shafa masa koren fenti don masu keke, Stavros ya ajiye mota ya koma hawan keke. Kullum safiya Warwick na maƙale a cunkoso, kofinsa ya huce, sai ga Stavros ya zo ya wuce fuuu, har da kaɗa ƙararrawa.

"Mutumina, har yanzu kana nan? To, sai ka iso!" in ji shi yana dariya.

Kai, dariyar nan tana ƙona wa Warwick rai! Ga tumbin Stavros ya zube, ga shi yana dawowa gida da wuri ya hau gasa nama a bayan gida. Har Noelene, matar Warwick, ta taɓa cewa, "Ka ga maƙwabcinmu ya koma saurayi?"

Ran wata Talata Warwick ya hango Stavros a madubi yana tahowa. "Yau za ka jira kamar kowa," in ji shi, ya murza sitiyari ya cusa hancin mota cikin koren layin. So yake kawai ya ga Stavros ya sauke ƙafa ƙasa.

Stavros ya kauce, tayar gaba ta daki dakalin bakin titi, ya yi sama ya faɗo da baya a kan turken ƙarfe. Mutane suka taru, kowa ya ga abin da aka yi.

Kotu ta ƙwace lasisin, aikin famfo ya tsaya cak.

Bayan wata biyu Eleni, matar Stavros, ta ƙwanƙwasa ƙofa. Keken ne a hannunta, an sa masa sabuwar taya.

"Ya ji ba ka da abin hawa," in ji ta, ba ta ko dube shi ba. "Ya ce ka riƙe. Likita ya ce shi da keke har abada."

Warwick ya kasa miƙa hannu.

Mai karatu, layin keke ba gata aka yi wa wani ba, kariya ce ga ran mutum. Wanda ya bar hassada ta riƙe masa sitiyari zai nakasa maƙwabcinsa, ya kuma toshe hanyar abincinsa da hannunsa.