Yarinyar Can

Ni ce 'yar fari, don haka Dada, mahaifiyata, ba ta kiran sunana, ba ta taɓa ni a gaban mutane. Haka aka rene ta.

Wata la'asar a Yolde Pate, tukunyar kunun gyaɗa ta kife mini a ƙafa. Na kurma ihu, na miƙa wa Dada hannu. Ta zabura, sai ta ga surukarta zaune a tabarma. Ta tsaya cak.

"Goggo," ta ce, "yarinyar can ta ƙone."

Har yau ba na shan kunun gyaɗa. Dada ta rasu ban ji sunana a bakinta ba.

Tawa 'yar farin kuwa, a gaban kowa nake ƙwala mata kira: "Hauwa!"

"Na'am, Mama?"

"Ba komai. Zo dai."