Irin da Baba Ya Bari

Ma'aikacin kamfani ya tsinki ganyen masara, ya murtsuke shi a 'yar kwalba, ya tsoma siririyar takardar gwaji.

"Layi ɗaya, irinka ne. Layi biyu, namu ne, kuma yau za a tuge gonar."

Manomin ya yi dariya. Duk yankin shi kaɗai ya rage bai sa hannu a takardar kamfani ba. Maƙwabta kowace shekara sai sun sayi jan irin nan mai rini, doka kuma ta hana su ajiye ko ƙwaya. Shi kuwa nasa na cikin tulun da mahaifinsa ya bar masa.

"Gwada, ɗan samari. Irin Baba ne. Shekara uku ke nan ko tsutsa ba ta leƙa shi ba."

Matarsa na tsaye a bakin kunya, ta rungume tsohon kwanon da take ba kaji ruwa, mai jan tabo a gindi. Ya sha tsokanarta a kan ta yar da shi. Ita ke riƙe da makullin ɗakin ajiya tun shekarar da ya yi wata huɗu a asibiti, likita na cewa zuciyarsa ba za ta ɗauki mummunan labari ba.

Layi ya fito. Na biyu ya biyo shi.

"Iska ce!" Manomin ya ɗaga murya. "Daga gonar maƙwabci ta kwaso!"

"Iska ba ta cika gona kaf, Baba. Ganye ashirin na gwada."

Kafin la'asar motar kamfani mai tuge shuka ta shiga gonar. Manomin ya zauna a ƙasa yana kallon karan na zubewa, ya lalubo hannun matarsa.

"Kar ki yi kuka, abokiyar tafiya. Ke kaɗai ce ba ki taɓa cutata ba."

Ta damƙe yatsunsa, ta kasa ɗago ido. Ita dai kwanon take kallo. A cikinsa ne, shekara uku da suka wuce, yana kwance a asibiti, ranar da ta tarar ƙwari sun mayar da irin Baba gari, ta wanke mudu biyu na irin kamfani har sai da jan ya fita, ta shanya, ta cika masa tulun.