Ruku'un Ɗan Fari

Zauna nan, Barira, ajiye tsintsiyar. Na tambaye ki me ya sa kike ta leƙen yaron nan naki a zanin goyo, kin sunkuyar da kai kin ce ba komai. Wannan "ba komai" ɗin na san shi tun ba a haifi uwarki ba. Bari in ba ki misali.

An yi wata yarinya, matar wani marini, da ta haifi ɗanta na fari, namiji. Kin san al'adarmu a kan ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in yana kuka uwar miji na wurin sai ta ɗauke kai kamar ɗan maƙwabta ne. Yarinyar nan kuwa ta iya kunya, har ana kwatance da ita a unguwa. Yaro ya yi wajen wata biyar, ya yi ɓulɓul, yana dariya, yana bin mutum da ido. Sai ya soma wani abu. In ya farka daga barci, kansa ya faɗo gaba farat ɗaya, hannuwa su ware su dawo ƙirji, gwiwoyi su naɗe zuwa ciki. Ya saki, jim kaɗan ya sake, ya kuma sakewa, sannan ya fashe da wani siririn kuka. Ran da kakarsa ta wajen uba ta gani, dariya ta yi har da tafa hannu, ta ce wannan miji nata ruku'u yake yi tun bai san alwala ba. Daga ranar sunansa ya koma Liman. Matan da ke shigowa ɗiban wuta sukan tsaya jiran Liman ya ta da salla. Wata ta ce haƙori ne, wata ta ce ciwon ciki ne a ba shi jiƙo, wata ta ce nata ma duk sun yi zabura ga su nan garau.

Uwar ce kaɗai ba ta dariya. Ita ke goya shi, a gadon bayanta take jin fizgar, ta san wannan ta wuce miƙa da shaƙuwa. Ita ta ga idanunsa na juyewa sama in abin ya zo. Ita ta lura ya daina yi mata murmushi in sun kaɗaita a ɗaki, ya daina kai hannu ga 'yan kunnenta, wuyan da ya riga ya tsaya ya koma langaɓewa. Tsoro ya cika ta. Amma da wane baki za ta tsaya gaban uwar miji ta ce ɗana ba shi da lafiya? Sai a ce 'yar zamani ce, ba ta da ta ido, ta zauna tana gadin numfashin ɗan fari. A can ƙasan ranta kuma akwai kalmar da take gudu, farfaɗiya, don ta ga yadda ake janye kwano daga gaban mai ita. Magana ta zo mata har leɓe, ta haɗiye. Ta taɓa ce wa mijin a kaikaice wai "yaron nan" yana yawan zabura. Shi ma ɗan farinsa ne, shi ma kunyar ta ɗaure shi. Ya ce ai Inna ta gani, da akwai matsala da ta faɗa, ya saɓi rigarsa ya tafi marina. Yarinya na jiran tsohuwa ta gane, tsohuwa na ganin in da wani abu ai da uwar ta nuna. A haka damina ta wuce, aka yi girbi.

Sai da sa'o'insa suka yi rarrafe, wasu suka kama bango, shi ko zama bai yi ba, sannan dariya ta ɗauke a gidan. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, daga ƙarshe aka hau mota zuwa babban asibiti. Likita ta duba shi, aka manna masa wayoyi a ka. Ta ce wani nau'in farfaɗiya ne na jarirai, wannan sunkuyon da ake wa dariya ƙwaƙwalwa yake ci, kuma da an zo tun farkon farawa da akwai kyakkyawan zaton magani ya tare shi. Ta tambayi yaushe ya soma. Kaka da uba suka dubi ƙasa. Uwar ce ta amsa. Ta faɗi lokacin, ta kwatanta yadda yake yi, ta faɗi sa'ad da ya daina murmushi, ba abin da ya kuɓuce mata. Likitar ta dube ta ta ce, "Baiwar Allah, duk kin ga wannan, wa kika gaya wa?"

Magani ya rage fizgar, amma abin da ya tafi bai dawo ba. Yaron yana nan da rai, ya isa shiga makaranta, ba ya magana, ba ya tafiya. Har yau ita ke goya shi, ƙafafunsa na dukan ƙwaurinta. Yanzu takan kira sunansa na yanka a gaban kowa, ba mai ce mata ta yi rashin kunya, shi kuma ba ya waiwayowa.

Ni abin yana ƙona mini rai, don ba mugu ko ɗaya a wancan gidan, kowa ladabi yake yi. Jarirai da yawa suna zabura ba wani ciwo, gaskiya ne, amma wanda ya san aikin shi zai faɗi haka bayan ya duba, kuma ba zai duba ba sai wadda ta gani ta buɗe baki. Maganar mutanen da can ba ta da daɗin ji, amma ba su yi ƙarya ba da suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.