Ranar da Muryar Nafi'u Ta Buɗe

Tun da aka kafa sabuwar doka, an daina kama yara. Ajiye wa yaro laifinsa ake yi, sai ranar da na'urar 'yan sanda ta bakin titi ta ji muryarsa ta zama ta manya, sannan a zo a tafi da shi. Nafi'u kuwa yana da ajiya, don bara ya fasa gilashin motar 'yan sanda da ƙwallo.

Da safen nan ya gaida mahaifiyarsa Barira, sai ta ji muryar marigayi babansa sak.

"Ko wa ya yi maka magana a hanya, kada ka buɗe baki," ta ce. Ta yafa mayafi ta raka shi makaranta da kanta.

Sun kusa wuce na'urar ke nan, sai ga Malam Tanimu, aminin marigayin, zaune a benci.

"A'a, Nafi'u! An tashi lafiya?"

Barira ta damƙe hannun ɗanta. Amma ita ce ta koya masa, har da bulala, cewa ba a wuce babba.

Yaron ya durƙusa. "Lafiya lau, Baba."

Fitilar na'urar ta koma ja.