Abin da Yaya Ke Faɗa wa Mai Jinya

Ranar da likita ya ce Yaya ba zai iya hawa jirgi ba, na shiga zagaye birnin Guangzhou ina neman gidan jinyar waɗanda magani ya gaza a kansu. Na uku ne ya kwanta mini. Ɗakin tsaf, maganin ciwo a kan lokaci. Sun yarda a riƙa kawo masa abinci daga Xiaobei, unguwar da mutanenmu ke zama, har gadon suka juya ya fuskanci alƙibla. Ban ga abin kushewa ba.

Yaya ya daɗe yana ciniki da Sinanci, amma ciwon da ke kansa ya goge shi, sai Hausa kawai. Ni kuma bizata ta ƙare.

Ranar tafiyata, mai jinyarsa ta tare ni da ɗan Turancinta. Ta ce akwai abin da yake faɗa mata kullum. Ta kwaikwaye shi a hankali: "Ku kai ni gida."

"Me yake so? In kawo masa."

"Ba komai," na ce. "Godiya yake miki."

Ina jan akwatina na ji ya sake faɗa, ita kuma tana amsa masa da fara'a.